Mai Jego a Gilashin Mma Lariya

Kawuna Kimba kafinta ne a Anloga. Shekara talatin yana ƙera gado da benci da makara, kuma duk unguwarmu Akwatialine ba wanda ya taɓa ganin ya kiwata ko kaza. Sai bara wani mutum ya kira shi gyaran ƙofa, ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, wasu jajayen jatan lande na yawo ciki, irin waɗanda nan Zango muke ce wa monko. Babbansu bai kai gaɓar yatsa ba. Kawu ya yi ta kallo har ya kafa ƙofar a juye. Mai gidan ya zuba masa goma sha biyu a kwalba don dai ya tafi.

Saura gilashi. Ranar da matarsa, Mma Lariya, ta je suna Manhyia, sai Kawu ya kwance gilasan kabad ɗin da ta jera kwanukan aurenta, ya haɗa akwati, ya liƙe.

Mma Lariya kuwa shinkafa da wake take sayarwa, kuma shitonta, wannan baƙin yajin da ake soyawa da busasshen monko, har daga wata unguwa ake zuwa nema. Ta dawo ta ga kwanukanta tsirara, kayan shito na iyo a gilashinta.

"Baban Safia, mene ne wannan?"

"Kiwo ne. Haihuwa za su yi."

"To, na ba ka zuwa Babbar Salla. In ba su haihu ba, su shiga shito, gilashina ya koma gidansa."

Daga nan gida ya shiga uku. Ruwan famfo ba ya shiga akwatin, wai maganin da ake zuba masa yana kashe su, sai piya wata, ruwan leda na sayarwa. An hana kunna maganin sauro a ɗaki, Mma ta koma kwana tana marin kanta. Abincinsu dafaffen zogale ne da busasshen ganyen gwaba, kuma Kawu sai ya ɗanɗana kafin ya ba su.

Wata safiya ya ga ɗaya kwance a ƙasan akwati, fari fat, ba motsi. Ya yi salati, ya naɗe shi a ƙyalle, ya binne gindin gwaba. Mutumin da ke ƙera makara ai ba zai jefa gawa a kwata ba. Cikin sati uku ya binne tara, ya rame, ko shayi ba ya sha. Ran nan ya ce bari ya ƙirga waɗanda suka rage. Goma sha biyu. Ya sake. Goma sha biyu cif. Ya buga wa mai ƙofa waya, mutumin ya yi dariya har da tari, ya ce in suna girma tuɓe tsohuwar fata suke yi.

"Ashe riguna nake wa jana'iza," in ji Kawu.

"Da ka ba ni na daka," in ji Mma.

Saura wata guda Salla, babbar cikinsu, wadda Kawu ke kira Hajiya, ta ɗauki ƙwai rawaya-rawaya a ƙarƙashin ciki, kullum tana yi musu fifita da ƙafafu. Amma har jajibiri shiru. Mma ta ɗora mai a wuta, ta shigo da rariya.

"Maman Safia, ki ƙara mini kwana uku."

"Ko minti uku."

Ta sa tabarau don kar ɗaya ya tsere mata, ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye. A jikin gansakukar cikin akwatin ga wasu abubuwa kamar gashin ido suna tsalle, cikin Hajiya kuma wayam.

To, duk layinmu in mace ta haihu, Mma Lariya ake kira wankan jego, kuma ba ta wasa da dokarsa. Ta ajiye rariya a hankali.

"Kana zaune nan ta sauka ba ka sani ba? Wane irin namiji ne kai? Ba mai taɓa mai jego sai ta yi arba'in."

Kawu bai gama hamdala ba sai ga ta da buta tana tururi, da ganyen darbejiya a hannu.

"Matsa in gasa mata jiki."

Kawu ya rungume akwati, ya ce, "Wallahi dafuwa za ta yi! Zuba mini a baya!"

Da ƙyar aka sasanta. An yafe wanka, amma kunun kanwa dole, kuma tunda Hajiya ba za ta iya sha ba, Kawu ne wakilinta, kofi biyu kullum.

Kafin arba'in ta cika, wasu uku sun haihu, Mma da kanta ta sake ƙirga kwanakin jego daga farko. Yanzu wata takwas ke nan akwatin bai rabu da mai jego ba. Kwanukan aure suna bayan wani tsohon zane, Kawu kuma wandonsa na Salla ya daina shigarsa.