Wanda Ke Fara Shiga Sanyi

Kafin ma'aikata su iso kamfanin ajiyar kifi, Baba Mai Riga ya buɗe ɗan ɗakinsa. Sai ya bi rigunan sanyin da ke rataye ɗaya bayan ɗaya: ya ja zif, ya luma yatsa a hammata ko ɗinki ya saki, ya taɓa safar hannu ko ta kwana da laima. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi wuluk.

Amma ga abin da ke ɗaure min kai. Duk rigar da aka sayo, komai girman tambarinta, ba ya miƙa wa kowa sai ya saka ta, ya shiga ɗakin da kifi ke daskarewa kamar dutse, ya zauna a kan kwali har jikinsa ya ce ya isa. Wata ya rataye, wata ya ce a mayar.

"Baba, wannan fa mai suna ce, masu wasan ƙanƙara ke sa irinta," in ji manaja wata rana.

"Yallaɓai, ai sanyi bai iya karatu ba."

Ya shiga, ya daɗe, ya fito yana murmushi. "Wannan kam ta ci sunanta."

Ita ce a jikin Dogo mai lodin kwalaye ranar da ƙofar ɗakin sanyi ta rufe da shi, hannun ƙofar ya karye. Aka ruga kiran mai walda, wuri ya hargitse. Baba ya kafa baki a 'yar kafar da hannun ya bari.

"Dogo, ɗana! Ja zif har haɓa. Kada ka kuskura ka zauna, yi ta zagaye."

"Baba, mutuwa zan yi! Jaririna ko zama bai fara ba!"

"Ba yau ba, in Allah ya yarda. Na zauna a cikin rigar nan, na san inda ƙarfinta ya tsaya. Ba mu kai can ba."

Da aka yanke ƙofar, Dogo ya fito da ƙafafunsa, girarsa fari fat da ƙanƙara. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baba, kai ne ka sha sanyin da aka rubuta wa wasu. Ga gwiwoyinka sun ƙi lanƙwasuwa, yatsunka ba sa iya riƙe allura, ba ka taɓa cewa uffan ba. Garkuwar 'ya'yan mutane, mun gode, Allah ya saka. Duk wanda ke miƙa wa wani kayan aiki, ya yi koyi da kai.

Ranar da ya ajiye aiki aka kawo sababbin riguna. Baba ya miƙa hannu don sabo, Dogo ya riga shi ɗauka.

"Zauna ka huta, Baba," ya ce, ya ja zif har haɓa, ya nufi ƙofar nan.