Ƙullin da Sallau Ya Bari Ƙarshe

A ƙasar da ake ce wa Dakoro yanzu, tun kafin Nasara su iso, an yi wani manomi mai suna Sallau a wani ɗan ƙauye arewa da Birnin Lalle. Abu biyu aka san shi da su: tsoro, da wata igiyar fata mai ƙulle-ƙulle da ba ta barin ƙugunsa. Tsoron kuwa ba na wasa ba ne. Ko guga zai jefa rijiya, daga nesa yake miƙa hannu, ya kau da kai, mata suna ta yi masa dariya.

Igiyar nan a wurin wansa Tanimu ya koye ta. Tanimu mahaƙin rijiya ne, kuma shi ya riƙe Sallau bayan rasuwar iyayensu. Duk abin da yake burin yi a duniya sai ya yi masa ƙulli a igiyar ƙugunsa, ran da ya cika shi ya kwance. Wata rana Sallau ya ga saura ƙulli ɗaya, ya tambaye shi na mene ne.

Tanimu ya yi dariya ya ce, "Naka ne. Sai ran da na ga ka taka gindin rijiya da ƙahwarka zan kwance shi."

Sallau ya ce, "Ashe kuwa da shi za a binne ka, Yaya."

Wasa ya yi. Amma ranin nan bai ƙare ba, Tanimu ya shiga yasar rijiyar gari, Sallau na riƙe da igiya a sama, sai aka ji rugugi daga ƙasa, ƙura ta taso. Gefen rijiyar ya rufta. Sallau ya ja igiya har tafin hannunsa ya saɓule, ko motsi ba ta yi ba. Aka yi ƙoƙarin tono, rairayi na ta zubowa, har liman ya ce a bari kada a ƙara rasa wani. A bakin rijiyar aka yi salla, aka rufe ta da itace da ƙaya.

Bayan sadakar bakwai Sallau ya yanko tasa igiyar ya yi mata ƙulli biyar na burinsa: ya yi rumbun kansa, ya yi aure, ya mallaki takarkari, ya ga kasuwar Katsina da idonsa. Na ƙarshe shi ne ya fito da Tanimu ya sa shi a kabari irin na kowa.

Kada ku raina shi, ya yi ƙoƙari. Rumbu ya tsaya. Ya auri Uwale, mace mai baki amma mai tausayi. Takarkari ya samu bayan wata damina mai albarka. Katsina ma ya je, a tsakiyar ayarin Buzaye masu gishiri, yana ta waige-waige tun daga tashi har dawowa don tsoron mahara. Amma ƙullin ƙarshe, kai! Kowane rani da dalilinsa. Bana bayansa na ciwo, baɗi sai an sami itace mai kyau. Haka har furfura ta fito masa, ko hanyar tsohuwar rijiyar ba ya bi.

Sai aka yi fari. Rijiyar da gari ke sha ta ƙafe, mai gari ya ce ba makawa a buɗe tsohuwar, tunda an san akwai ruwa a ƙarƙashinta. Aka kirawo mahaƙa daga Birnin Lalle. Suka yi ta kwashe rairayi suna tokare bango da itace, har ran da suka ci karo da guntun tsohuwar igiya. Nan suka fito suka ce su ba za su taɓa mamaci ba alhali ɗan'uwansa na raye. In ba mai shiga, a mai da ƙasa a rufe.

Labarin ya iske Sallau a gida. Uwale ta dube shi ta ce, "Maigida, in ba ka iyawa ka hwaɗi, ba wanda zai kashe ka. Amma ka sani, in suka ruhe ta wannan karon, ta ruhu ke nan."

Ya so ƙwarai ya ce ba ya iyawa. Amma da ya buɗe baki, cewa ya yi zai shiga.

Da hantsi maƙwabcinsa Intalla, wani Buzu mai raƙumi, ya ɗaura masa igiya a ƙirji, ya rataya masa farin ƙyalle. Ya ce, "Aboki, kada ka dubi ƙasa. Ka dubi bango kawai."

Wayyo, bangon ma abin tsoro ne! Ana sassauta igiya, itacen tokarar na wucewa ta gaban idonsa, rairayi na tsiyayowa ta tsakaninsu yana shiga masa wuya. Duk ƙwayar da ta taɓa shi sai ya ce shi ke nan, ta rufto. Haske ya yi ta raguwa, iska ta yi nauyi. Ya kama salati. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ɗaga kai, sai ya ga bakin rijiyar bai fi bakin ludayi ba. Nan ya fashe da kuka kamar yaro.

Yana kukan yana tono da hannu, don yana tsoron ƙarar dagi ta girgiza bango. Ya sami ƙasusuwan a dunƙule a gefe guda. Ya riƙa ɗauka a hankali yana sawa a ƙyallen. Can sai yatsunsa suka kama wani abu mai tauri: igiyar ƙugun Tanimu ce, ta bushe ta yi baƙi, ƙullin nan ɗaya na nan daram.

Wani dunƙulen rairayi ya faɗo masa a kafaɗa. Intalla ya ƙwala kira daga sama, "Sallau! Bango na zuba, mu ja ka?"

Duk jikinsa cewa yake a ja. Amma ya ɗaga murya ya ce, "Ku dakata!"

Ƙullin ya ƙi farce, sai ya sa haƙori. Ya jiƙa shi da yawu, ya ciza, ya ja, rairayi na zubo masa a ka, har fatar ta saki. Ya ce, "Yaya, ga ni. Na taka." Sannan ya rungume ƙyallen ya yi ihun da har cikin gari sai da aka ji, "Ku ja! Don Allah ku ja!"

Rijiyar ta ba da ruwa, gari ya sha. Sallau kuwa har ya mutu daga nesa yake jefa guga, sai dai matan sun daina dariya. Da la'asar ɗin ranar da aka fito da ƙasusuwan aka kai Tanimu maƙabarta. Sallau ya kwance nasa ƙullin a bakin kabari, ya roƙi liman a sa wa wansa igiyar nan da ya ciro daga rijiya a gefe. Da ita aka binne shi, ba ƙulli ko ɗaya a jikinta.