Zare Ya Ƙare

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" nake, ko "yaron nan", da na yi aure kuma na koma "mai gidan nan". In tana so in ci abinci, sai ta dubi bango ta ce tuwo yana hucewa. In na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana gyara bakin zanenta. Kowa a wajenmu ya san kunyar ɗan fari, kuma mutanen Mawashi, inda aka haife ta, ba su ɗauki abin da wasa ba. Na sani sarai ba ƙiyayya ba ce. Amma tsakani da Allah, tun ina yaro abin yana ci mini rai.

Da idonta ya fara lalacewa, likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi, na hagu kuwa akwai sauran haske, in dai za a riƙa ɗiga magani safe da yamma ba fashi. A ƙauye wa zai tsare wannan? Kawu, ƙanenta, mutumin kirki ne, amma shi da gona sai magariba. Sai da na haɗa da autarmu da ke aure a Kusada, ita da ke iya miƙe ƙafa kan tabarmar Inna ta yi mata tsiwa, sannan aka shawo kanta ta dawo wurina Kankia. Ta zo da sharaɗinta: ranar da ta ga ta zama nauyi, za ta koma. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, don na san in ta koma, ɗan hasken da ya rage shi ma ya tafi ke nan.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, daga gida nake yi wa wasu mutane da ban taɓa haɗuwa da su ido da ido ba. Matata malamar firamare ce, 'yar Kano, ita ce mai ɗiga wa Inna magani kafin ta fita da bayan ta dawo. Wunin gidan kuwa daga ni sai Inna: ni a ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, ita a rumfa da carbinta. Kibod ɗin da nake aiki da shi a lokacin, wato allon maɓallan rubutu, wani tsohon gwanjo ne, faffaɗa kamar murfin akwati, ga ƙarar tsiya. In na ɗora masa hannu, har mai tallan nono tana ji daga ƙofar gida. Inna ta sa wa aikin suna saƙa. Nakan ji tana tambayar matata da safe, "Mai gidan nan ya hwara saƙar tashi?" Ni dariya kawai abin yake ba ni.

Kafaɗata ce ta jawo komai. Faɗin kibod ɗin ya tura maus, ɗan linzamin kwamfutar, can gefe, kullum hannuna a miƙe kamar mai karɓar sadaka, har ya kai in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na cije leɓe. Ga wani ɓangaren lambobi a dama da ban taɓa dannawa ba tun da na saye shi, yana nan ya cinye rabin tebur. Na ce to ya isa, ƙarami zan nema.

Kada Allah ya haɗa ka da mai neman kibod! Na ƙarar da data wajen kallon hannuwan mutane suna danna maɓallai. Akwai wanda aka yanke wa lambobin kawai, akwai wanda aka matse komai wuri ɗaya, akwai kuma wani ɗan mitsitsi da ko kibiyoyi babu, wai sai ka haɗa maɓalli biyu kafin ka matsa layi ɗaya. Ni da nake wuni ina yawo cikin layuka? A'a, ba da ni ba. Na tsaya a kan matsakaici mai kibiyoyinsa, wanda kuma za ka iya koya masa inda kake son kowane harafi ya zauna. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don na gaji da rubuta "kasa" in ina nufin "ƙasa". Na riga na yanke inda zan ajiye ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ya zo.

Sai maganar suwic, wato ɗan abin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, shi ke ba da ƙara da taushi. Shuɗi yana yin ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, ƙararsa kaɗan. Ja santsi gare shi, kuma a cikin jan akwai wanda aka sa wa ɗan roba, ko kusa da kai mutum yake ba zai ji ba. Raina shuɗin yake so, ba zan ɓoye ba. Amma na leƙa ta taga na ga Inna ta kishingiɗa kafin azahar, na ce haba, tsohuwa marar lafiya, ina dalilin in wuni ina yi mata ɓaɓatu a ka? Na zaɓi marar ƙarar, har ina jin kaina wani ɗa nagari.

Na saya wurin wani mai shago a Kano, ya ba direba, na je bakin titi na tsaya cikin masu rake da masu awara har motar ta iso. Kai, abin ya yi kyau! Ɗan dunƙulalle, mai nauyi, yatsa yana sauka a kansa kamar a kan ƙullin alkama. Tsohon kuwa na ba wani mai shagon buga takardu kyauta, don kada ma in sake ganinsa. Kafaɗa ta saki, aiki ya yi gudu, gida ya yi tsit.

Ba a daɗe ba matata ta shigo ɗakina tana murmushi, ta ce Inna zare take nema. Na ce zare kuma? Me za ta ɗinka da idon nan? Ta ce ita dai haka ta ji, Inna ta kira ta ta rage murya ta ce, "Ɗiyata, zare ya ƙare ne?" Ita kuwa baiwar Allah ta duba gwangwanin ɗinkinta, ta ce, "Eh wallahi Inna, ya ƙare, amma in sha Allahu za a samo." Ranar kasuwa ta sayo mata fari da baƙi. Inna ta karɓa, ta jujjuya a tafin hannu, ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin matashi.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa. Inna mai cin tuwo da man shanu ta ce man yana tayar mata da zuciya. Nama ta ce haƙori. Azumin Litinin da Alhamis ya zama har da ranakun da ban san sunan azuminsu ba. Sai kuma ta ce maganin idon yana mata yaji, a bar shi sau ɗaya a rana, in kwalbar nan ta ƙare ma kada a sake sayowa. A nan na yi faɗa, na tsaya tsakar gida ina ta surutu ni kaɗai, don ba dama in dube ta in yi. Ta bar ni na gama, ta ce wa turmi, "Allah shi huci zuciyar masu gida." Washegari na ji ta sa an aika wa Kawu ya zo ya ɗauke ta ranar Juma'a, wai ta yi kewar awakinta.

Hankalina ya tashi. Na kira autarmu na ce ta bar duk abin da take yi ta hau mashin ta zo. Ta shiga wurin Inna suka daɗe, sannan ta fito ta same ni, ko sallama babu.

"Yaya, korar ka aka yi daga aiki ka ɓoye mana?"

"Kora kuma? Wa ya ce?"

"To ina saƙar? Inna ta ce rabon da ta ji motsinka tun kafin a yi girbin wake. Kullum kana shiga ɗaki ka rufe, shiru har la'asar. Ta tambayi matarka ko zare ya ƙare, ta ce mata eh."

Na nuna mata sabon kibod ɗin, na danna mata ta gani. Ta kai kunne, ta ɗago ta dube ni, ta tafa hannu. "Tabɗi! Boko dai bai yi maka rana ba, Yaya." Sannan ta zauna bakin gado ta ba ni labarin da Inna ta sha ba ta, ni kuwa ba a taɓa ba ni ba, don ni ba a hira da ni. Kakanmu, mahaifin Inna, masaƙi ne. Daga cikin gida mata suke jin ƙarar masaƙarsa a zaure, da ita suke sanin lafiyar gidan. Ranar da aka ji shiru, an san ba abin sayen zare. Ba mai tambayarsa, ba mai sa shi ya faɗa da bakinsa. Sai dai a ce a hankali "zare ya ƙare", a rage awon hatsi, manya su ce sun ƙoshi, wadda ke da gidan zuwa ta tafi ganin dangi har abin ya warware.

Ashe matar nan da ba ta iya tambayata ko na kwana lafiya, wuni take tana saurarena. Na ji tausayinta, na ji daɗi kuma, irin daɗin da ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa.

Na fita na durƙusa gefen tabarmarta na ce, "Inna, aikina yana nan lafiya lau. Na'urar ce na canza, wannan ba ta ƙara." Ta juya fuska wajen katanga ta ce, "Allah shi rufa asiri. Ɗa na kirki haka shi ka cewa." Auta ta ja ni gefe ta ce in daina wahalar da bakina, Inna ba za ta yarda da magana ba, kunnenta kawai ta yarda da shi.

Allah ya taimake ni irin kibod ɗin da ake cire wa suwic ne ba sai an kai wa mai gyara ba. Na kira mai shagon na ce ya aiko mini da shuɗi, mafi ƙarar da yake da shi. Ya ce ba kai ne ka dame ni da marar ƙara ba? Na ce malam, aiko kawai. Saƙon ya iso ranar Laraba da hantsi. Muka baje a kan tabarma ni da auta, ina cire maɓallai da ɗan hantsakin da ya zo da shi, tana miƙo mini shuɗayen tana tsokanata, wai wannan shi ne tsintar tsakuwa a shinkafa ta 'yan boko. Na lanƙwasa ƙafafun suwic guda biyu saboda gaggawa, na yi tsaki na miƙe su da farce.

Da na haɗa, na buɗe ƙofa da taga, na hau dannawa da ƙarfi, duk abin da yatsa ya faɗa a kai. Ƙas-ƙas-ƙas, gida ya ɗauka. Na ɗan tsaya in ji. Sai muryar Inna daga rumfa, tana ce wa auta, "Wanga ba saƙa ba ce. Wasa shi kai don in ji."

Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kunya ta kama ni, na ja kujera na zauna sosai. Akwai wata matsala a manhajar da nake rubutawa da ta kwana biyu tana ba ni ciwon kai, na buɗe ta. Da farko hankalina yana rumfa, ina rubutu ina gogewa. Can sai na hango inda kuskuren yake, na bi shi, wani ya ɓullo, na bi shi shi ma. Na manta da taga, na manta da Kawu da Juma'a. Ban farga ba sai da aka kira la'asar.

Da na dawo daga masallaci na tarar da kwano a gaban Inna, ta sa an ɗumama sauran tuwon rana, man shanu yana narkewa a kai. Ta cinye, ta wanke hannu, ta ce wa auta ta sanar da Kawu kada ya wahalar da kansa jibi, awaki ba inda za su. Matata ta ɗauko kwalbar magani, hannunta duk garin tuwon dare, tana neman inda za ta goge. Sai Inna ta ce, "Bar shi, ɗiyata. A ba mai saƙar shi ɗiga."

Na karɓi kwalbar. Rabon da in matso kusa da fuskarta haka, ban ma iya tunawa ba. Na tallafi haɓarta, ta ɗaga kai, na buɗe fatar idon hagun da yatsa. Kafin in ɗiga sai na ga ƙwayar idon ta tsaya a kaina, tana bin fuskata a hankali daga goshi har gemu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba da ni ba, da auta da ke tsaye a bayana:

"Ikon Allah. Yaron nan har ya yi hurhura, ba wanda ya hwaɗa mani."