Igiyar Awon Baba

Shekarun da ake aikin dam ɗin Zobe ina akawu a Dutsin-Ma, kaina a kumbure, gani nake duk gidanmu ba mai wayona. Baba yana Wurma, can ƙasar Kurfi, yana nomansa. Tafiyar ba wata tafiya ba ce, in ka hau babur da hantsi kana can kafin azahar. Amma na yi wata bakwai ban leƙa ba. Kullum aiki, aiki. In na ga mutanen garinmu ran kasuwa sai in ba su sukari da sabulu, in ce a gaishe da su Baba, shi ke nan wai na sauke nauyi.

Da azumi ya kama sai na ƙudura zan yi wa Baba kaftanin da ba a taɓa gani ba a filin idin Wurma. Ba ɗinkin nan gida nake so ba, na Kano nake so, mai wuya a tsaye da hannu mai maɓalli, irin wanda ake yayi lokacin. Akwai wani Alhaji mai kai hatsi Kano, shi ke karɓar saƙon ɗinki ya kai wa telansa can. Tela bai taɓa ganin mai riga ba, igiya kawai yake gani. Za a sami zaren buhu a gwada a jikin mutum, a yi ƙulli a wuya, ƙulli a kafaɗa, ƙulli a ƙirji, sannan hannu, ƙarshen igiyar shi ne tsawo. Abin da ƙulli ya ce shi tela zai yanka.

Na aika wa Yaya, babbar ɗiyar Baba wadda ke aure kusa da gidanmu, cewa ta auno mani shi. Bayan kwana uku igiya ta iso, a naɗe cikin ƙyalle.

Na warware, na duba, raina ya ɓaci. Tsawo daidai ne, hannu daidai ne, amma wuya da ƙirji kamar na ɗan makaranta. Haba! Baba da ke saɓa buhun gero shi kaɗai? Mutumin da in ya shiga zaure sai ya karkata kafaɗa? Na zagaya igiyar a wuyana, ni da ake yi wa tsiyar rama, sai ga ƙullin da kyar ya haɗe. Na ce lallai Yaya ba ta canza ba, komai nata cikin gaggawa, ƙila tana awo tana leƙen tukunya. Na zauna na sa haƙori na kwance ƙullin wuya da na kafaɗa da na ƙirji, na matsar da kowanne gaba, wani yatsu uku, wani huɗu, gwargwadon Baban da na sani.

Da na kai wa Alhaji, ya murza igiyar ya ga inda tsofaffin ƙulle-ƙullen suka bar lanƙwasa.

Ya ce, "Malam, wannan an taɓa ta."

Na ce, "Gyarawa na yi, Alhaji. Mata ne suka auna."

Ya ce, "To, ai Wurma ba nisa. Da ka je ka auno da kanka mana."

Na ce da shi mahaifina ne, na san jikinsa ko idona a rufe. Wallahi haka na faɗa, har ina ɗaga murya. Alhaji ya jefa igiyar a aljihu.

Riga ta iso ana jajibirin Sallah, shuɗiya, ta sha aiki a wuya, an naɗo igiyar an sa a aljihunta. Na ɗaura a bayan babur na kama hanya ina ta washe baki.

A zaure na tarar da wani tsoho a kan buzu, ya jingina da bango. Sai da ya ce, "Akawu, yau hanya ta biyo da kai?" sannan na gane muryar. Inna lillahi. Wuyansa ya zama kamar sandar kiwo, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito ta cikin 'yar shara. Tun bayan girbi ciwon ciki ya kama shi, abinci ba ya zama. Na durƙusa na gaishe shi, ledar rigar tana hannuna na rasa inda zan ajiye ta.

Shi ya miƙo hannu ya karɓa. Ya shafa aikin wuyan ya ce, "Kai, madalla. Allah ya yi maka albarka." Da safe ya ce a sa masa. Kafaɗar rigar ta sauko har kusan gwiwar hannunsa, wuyan ya buɗe ana hangen ƙashin ƙirji. Na ce a bari in kai a rage. Ya ce a'a, ɗansa ya kawo masa riga daga Kano, da ita zai je idi, in ya warware ai zai cika ta. Na goya shi a babur muka tafi. Ina jin mutane na cewa "Malam, an sha kyau," suna kau da ido. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Da muka dawo na tare Yaya a bakin madafa, faɗa na taso da shi, don na saba in kunya ta kama ni sai in nemi wanda zan ɗora wa.

Na ce, "Yaya, Baba na cikin wannan hali a kasa gaya mani?"

Ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce kada a tada maka hankali kana aikin gwamnati, ya sa na yi masa alkawari. Da ka aiko a auna shi har godiya na yi wa Allah. Sau biyu na auna, na ɗaure ƙullin tamau. Na ce in ka ga wuyan nan za ka taho a ranar, ba sai na buɗe baki ba." Ta share ido da bakin zane. "Kwana goma sha tara ina jin ƙarar babur ina leƙawa."

Ban iya gaya mata abin da na yi wa igiyar ba. Ta ga rigar, ta riga ta sani.

Na koma zuwa duk Juma'a bayan nan, amma Juma'a biyar kawai na samu. Baba bai ga Babbar Sallah ba. Aka ba limamin unguwa rigar, shi ƙato ne, ta zauna masa daidai.

Igiyar tana cikin akwatina har yau. Ƙulle-ƙullen da na yi suna nan, kuma bayan kowanne akwai 'yar lanƙwasa inda na Yaya yake kafin in kwance. Na sha sa yatsa a wurin ina murzawa, ba ta miƙe ba.