Abin da Zailani Yake Ƙerawa a Ɗakin Taki

Duk wanda ya san Unguwar Dallatu, ƙauyen nan na arewa da Ɗambatta inda gona ke manne da gona har da kyar ake samun wurin ɗaure jaki, ya san Zailani Kafinta. Ƙofar gidan kusan kowa a garin shi ya yi ta, haka bencin Islamiyya, haka makarar da ke jingine a bayan masallaci. Mutum ne siriri mai ƙaramar murya, ko gaisawa kuke yi sai ka ga yana ta waige-waige. A masallaci wurinsa ɗaya ne, sahun ƙarshe, kusa da takalma. Mutane suna cewa kunya ce ta yi masa yawa. Ba kunya ba ce, tsoro ne, kuma wanda yake tsoron shi ne mai jan sallar, Malam Iliyasu liman, yayansa ciki ɗaya.

Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. A wajensu kiɗa sana'ar maroƙa ce, ɗan gidan ko gwangwani ba ya bugawa. Zailani bai manta dukan da ya sha a hannun mahaifinsu ba ranar da aka gan shi ya tsaya kallon masu kalangu a bikin mahauta. Da tsohon ya rasu, Malam Iliyasu ya gaji limanci, ya gaji rawani, ya gaji har da irin kallon nan da ke sa mutum ya tuna laifinsa na bara.

Yana saurayi Zailani ya tafi cin rani birni, ya sami wuri a rumfar wani kafinta a bakin Sabon Gari. Wata rana wani makaɗin otal ya kawo jitar lantarki da wuyanta ya tsage a gyara masa, maigidan ya miƙa wa Zailani. Shi kuwa da yake Allah ya yi shi da bin ƙwaƙƙwafi, bai tsaya a wuyan ba, sai da ya kwance ta kaf ya ga abin da ke ciki. Har haushi ya ji. Katako ne, da mayen ƙarfe, da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe, sai tsirkiya shida a sama. Wai wannan ne ake ƙetaro teku da shi! Amma da mai ita ya zo ya jona ta da sifika ya ja tsirkiya ɗaya, Zailani ya ji sautin har cikin haƙoransa. Ya koma gida da damina, abin yana ransa.

A ɗakin da ke ƙarshen gidansa, inda yake ajiye iri da takin zamani, nan ya kafa aikin ƙera jita. Gangar jiki yana sassaƙa ta daga icen maɗaci. Mayen ƙarfe yana ciro shi daga matattun sifikoki, waya kuma daga ƙonanniyar fanka, siririya kamar gashin kai. Naɗin wayar shi ne aikin wahala, sai da ya gano cewa keken ɗinkin matarsa Hafsatu zai iya, tana taka masa a hankali shi kuma yana riƙe da zaren tagullar tsakanin yatsu biyu, numfashi ma da dabara yake yi kada ya tsinke. Makaɗan otal da na coci a birni suka san shi, musamman da kayan waje suka fi ƙarfin talaka. Idan ya gama ɗaya sai ya zura ta a buhun taki, kamar yadda kowane manomi ke zura komai nasa, ya hau bas ya kai.

A gari kuwa gyaran rediyo aka san yana yi a ɗakin. Idan zai gwada sabuwa sai ya lulluɓe sifikar da tsohon bargo, don katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan liman. Kuma bai iya kiɗa ba, ya ƙi koya da gangan. A lissafinsa muddin bai kaɗa ba, shi kafinta ne kawai. Amfilifayar da yake gwajin da ita, wato akwatin da ke ƙara wa jitar sauti, shi ya haɗa ta daga hanjin tsofaffin rediyoyi, tana da mugun hali ɗaya: duk sanda aka ɗora wayarta a kan batirin mota sai sifikar ta yi tau! kafin ta nutsu. Kullum yana cewa zai gyara, bargo ne ya sa bai taɓa gyarawa ba.

Sai shekarun bama-bamai suka zo. Hanyar Kano ta cika da shingaye, a sauke fasinja su wuce hannu a sama, a zazzage kaya a ƙasa. Wanda aka jefa a bayan mota aka tafi da shi, iyalinsa ba sa sanin ƙofar da za su je su yi kuka. Wata rana da azahar Zailani yana cin ɗanwake, rediyo ta kawo labarin wani gida da aka kai wa samame, aka lissafo abin da aka samu a ciki: wayoyi, batura, darma, gwangwanaye, buhunan taki. Ya ture kwanon gefe. Babu abu ɗaya a cikin lissafin nan da babu shi a ɗakinsa.

"Maigida, ka fitar da kayan nan daga gidan nan," in ji Hafsatu. "Wallahi tsoro nake ji."

"In kai su ina?"

"Ka zuba a rijiya."

"A gan ni ina zuba waya a rijiyar da gari ke sha?"

Ya yi tunanin ƙonawa, ya tuna warin roba zai zagaye unguwa. Ya yi tunanin binnewa a gona, amma a Unguwar Dallatu ba ka haƙa rami ba tare da maƙwabcin gona ya ɗago ya yi maka sannu ba, kuma wanda aka kama yana binne batir ai ya gama yi wa kansa shari'a. Ko ta ina ya juya, rabuwa da kayan ya fi ajiye su haɗari. Sai ya tura su bayan buhunan taki, har da jita guda da ya gama bai samu halin kaiwa ba, ya rufe ɗakin. Ya rame. Ƙarar mota daga nesa tana sa shi sakin fartanya. Akwai hanya ɗaya mai sauƙi, ya je ya gaya wa yayansa da mai unguwa gaskiya tun kafin wani ya gaya musu ƙarya. Sau da yawa ya kai ƙofar zauren liman, sai ya yi gaisuwa ya tambayi lafiyar iyali ya juyo.

Har yau ba a san wanda ya kai rahoto ba. Wasu sun ce mai sayar da tsofaffin kayan lantarki ne a kasuwa, wasu sun ce yaron mota ne da ya taɓa ganin waya ta leƙo daga buhu. Da hantsi suka zo, gero ya kai ƙugu, motoci biyu cike da sojoji. Aka tattaro mazan unguwar daga gonaki aka zaunar da su a rana a ƙofar gidan Zailani. Shi kuma aka durƙusar da shi a tsakiya, aka riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a gabansa: batir, ƙullin wayoyi, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, buhunan taki, da wani akwati mai hanji a waje. A ƙarshe aka zaro jitar daga buhu, jawur, tana sheƙi.

Babbansu, wani dogo mai jajayen idanu da gani ya kwana biyu bai yi barci ba, yana jin Hausa sama-sama. Ya nuna akwatin da bakin bindiga.

"Wannan mene ne?"

"Na kiɗa ne, ranka ya daɗe." Muryar Zailani da kyar ta fito. "Sai an haɗa da batir yake magana."

"Sai an haɗa da batir," sojan ya maimaita, ya dubi mutanensa. Bindigogi suka ɗago.

Nan Zailani ya gane ramin da ya faɗa. Jitar lantarki in ba wuta katako ce kurum, ba ta da abin da za ta faɗa ta cece shi. Abin da kaɗai zai wanke shi shi ne ya ɗora waya biyu a kan batir, kuma wannan ne ainihin abin da mutanen nan suka zo hana wani ya yi. Ya ji fitsari yana neman ƙwace masa. Daga cikin gida yana jiyo Hafsatu tana salati.

Sojan ya juya ga jama'a. "Wa ya san aikin mutumin nan?"

Mutanen da suka kwana a bayan ƙofofin da ya yi musu, kowa ya sami abin kallo a tsakanin ƙafafunsa. A yi musu adalci, ba su sani ba ɗin, amma ko "mutumin kirki ne" ai ana iya cewa. Soja biyu suka kama Zailani ta hammata suka nufi mota da shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

"Kayan kiɗa ne."

Malam Iliyasu ne ya miƙe, da kayan gona a jikinsa, laka har gwiwa. "Ni ne limamin garin nan, wannan ƙanena ne. Shekara da shekaru ina jin abin nan ta katanga. Yana rufe shi da bargo, yana zaton kurma ne ni."

Ko a wannan hali, sai da Zailani ya ji wani sabon tsoro ya hau kan na farko. Ya kasa ɗaga ido.

"To, Malam," in ji sojan, "tunda ka sani, zo ka riƙe. Shi ya haɗa."

Liman ya tako ya zauna a ƙasa kusa da batirin, ya tanƙwashe ƙafa, aka ɗora masa jitar a cinya. Ya riƙe ta a karkace, yadda ake riƙe allo. Sojoji suka ja da baya suka laɓe a jikin motoci, bakin bindigoginsu a kan 'yan'uwan biyu. Aka saki Zailani ya rarrafo.

"Yaya," ya ce a hankali, "zai yi ƙara in na haɗa. Babu bargo."

"Na san ƙarar. Gaya musu."

Ya ɗaga murya ya gaya musu, amma bai ga alamar maganar ta shiga ba. Akwai wani ƙaramin soja a gefen mota, yatsansa a kan kunama, yana ta karkata bakin bindigarsa daga wannan zuwa wancan. Zailani ya dube shi ya san cewa wannan yaron tsoronsa ya kai nasa. Ya ɗora waya ta farko. Ta biyun ta ƙi zama a hannunsa, hannun da ke riƙe zaren tagulla bai tsinke ba yau ya zama ba nasa ba. Da ya gyara abin nan tun tuni! Ya yi kalmar shahada, ya ji yayansa ma yana yi, ya dangwala.

Tau!

Jama'a suka zube rubda ciki. Bindigar ƙaramin sojan ta tashi sau ɗaya, ganyen darbejiyar da ke gefe ya zubo a kansu. Malam Iliyasu ya zabura, hannunsa ya faɗa kan tsirkiyoyin gaba ɗaya, sai ga wani sauti ya fito daga sifikar, mai kauri, ba daɗi ba tsari, ya bi ta kan gonakin gero yana gurnani har ya mutu don kansa. Shekara ashirin da wani abu Zailani yana ƙera abin nan, bai taɓa jin muryarsa a fili a garinsu ba sai ranar, kuma a hannun liman.

Babu wanda harsashin ya samu. Babban sojan ya daka wa yaron tsawa, sannan ya zo ya tsuguna ya ja tsirkiya ɗaya da kansa, ya saurara, ya sauke numfashi. Wani daga cikin sojojin ya karɓi jitar ya ɗan kaɗa wata waƙar garinsu, suka yi dariya irin ta wanda ya tsallake rijiya da baya. Suka ce kada a sake haɗa taki da waya a ɗaki ɗaya, suka hau motocinsu suka tafi. Liman ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida, bai dubi ƙanensa ba.

Mutanen Unguwar Dallatu kuwa, da ƙafafunsu suka dawo jikinsu sai bakinsu ya buɗe. Kafin azahar magana ta gama gari: liman ya rungumi kayan maroƙa ya kaɗa a bainar jama'a, kuma ashe ya san da abin tun da daɗewa ya yi shiru. Wasu kuma suka ce gidan da soja ya shiga ba a raɓarsa, wa ya san ko za su dawo. Waɗanda ɗazu suka kasa ɗaga kai, yanzu su ne masu fatawa.

Da la'asar aka kira salla. Zailani ya yi alwala hannunsa bai daina rawa ba, kuma bai daina ba har ya tsufa, shi ya sa jar jitar nan ta zama ta ƙarshe, zaren tagulla ba ya zama a irin wannan hannun. Ya shiga masallaci ya nufi wurinsa kusa da takalma, sai ya ga babu takalman. Jama'a sun tafi masallacin unguwar gaba. Tsofaffi biyu ne kawai a ciki, ɗaya ma ba ya gani. Malam Iliyasu yana tsaye a gaba, ya juyo zai ce a daidaita sahu kamar kullum, ya ga abin da ya rage masa.

"Zailani," ya ce, "matso nan. Babu wanda za ka ɓuya a bayansa."

Ya matso ya tsaya daf da bayan yayansa. Da liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara, Zailani ya ga yatsun yayan nasa ma rawa suke yi.