Rowa Iri Biyu: Ga Yayana Garuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Garuba, kocin 'yan matan ƙwallon kwando na unguwarmu, bayan ya sha jinyar ƙoda. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa, unguwarmu Maamobi ta cika maƙil.

Yaya, yaran da suka yi ta kuka a ƙofar gida ba su san cewa kana saurayi Rijiya ake ce maka ba. Ƙwallo in ta shiga hannunka ta tafi ke nan, abokan wasanka sai dai su ɗaga hannu har su gaji. Kai da bakinka kake ba da labarin kana dariya, kana cewa tsufa da ciwon gwiwa ne suka koya maka kyauta. Da ka zama koci kuwa, duk wadda ta ƙanƙame ƙwallo sai ka kira ta marowaciya, kuma a nan Zango, unguwar Hausawa, an san babu zagin da ya fi wannan ciwo.

Sai Allah Ya haɗa ka da 'yata Ruhaina. Ita ka ɗora a matsayin mai rabon ƙwallo, wadda ke ɗauko ta daga baya ta tsara wa sauran wasa. Ruhaina kuwa rainon gidanmu ce, inda mai zuba abinci ba ta ci sai kowa ya samu. Haka ta ɗauki ɗabi'ar ta kai fili. Ko kwando ya buɗe mata baki, sai ta waiga ta nemi wadda za ta miƙa wa. Bara, da wata makarantar sakandare ta unguwar Madina a nan garinmu ta zo zaɓen 'yan wasan da za ta ba gurbin karatu kyauta, an yaba idonta da hannunta, amma aka bar ta, wai ba ta jefawa. Bana ce damarta ta ƙarshe, kuma ka san ba ni da halin kai ta irin wannan makaranta.

Ban manta ranar da ka zo gida ka same ta tana raba tuwo ba. Ka ce mata, “Ruhaina, kin san ke ma marowaciya ce?” Yarinya ta saki mara, ido ya kawo ruwa. Ka ce, “In mutum biyu suka taso miki, akwai 'yar'uwarki da ba mai tsaronta, ba ta. In suka ja baya suka bar ki da kwando, kika ƙi jefawa, makin da ke hannunki kika hana mu. Wannan ma rowa ce, 'yata.” Ni kaina na ji haushinka a ranar, don na ga kamar tarbiyyata kake tsokana.

Ba ka tsaya ga magana ba. Ka riƙa sa sauran 'yan matan su ja baya da gangan su zuba mata ido. Ka koya mata ta ciyar da abokanta a farkon wasa har hannunsu ya yi zafi, in sun gaji kuma ta ɗauki nauyin da kanta. Ko a gadon asibiti, kafin ka amsa gaisuwata sai ka tambaya ko ta jefa.

Ranar Asabar bayan sadakar uku makarantar ta yi zaɓen bana. Ruhaina ta ce ba za ta je ba, matarka Lamisi ce ta ɗaura mata mayafi ta saka ta a trotro, motar haya. An ce ta raba ƙwallo kamar kullum, da suka ja baya kuma ta jefa, wata ta shiga wata ta kuskure, ba ta fasa ba. Sun ɗauke ta, Yaya. Ta shigo gidanka da gudu, inda muke zaman makoki, ta fizge wayata ta danna lambarka, sai muka ji wayarka tana ƙara a ɗakin Lamisi.

Na yi kewarka ƙwarai, ɗan'uwana. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Lamisi, da ɗanka Abdulmajeed, da 'yan matanka na fili. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.

Ƙanwarka,
Abibatu