Kwalbar da Na Miƙa wa Malama

Shagon mahaifiyata a unguwar Gumbihini bai fi ɗaki ɗaya ba, amma babu abin da ba ta sayarwa: sabulu, ashana, gari, sukari, sai kananzir da fetur a kwalabe a bakin ƙofa. Kwalaben duk iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su kawai shi ne jan zare da take ɗaura wa na fetur a wuya. Ina da shekara goma sha ɗaya na haddace wannan, kuma ina taƙama da cewa ko idona a rufe ba zan ruɗe ba.

Ranar da ta tafi bikin suna ta bar mini shagon, ƙawayena suna wasan tsalle da tafi na ampe a gefen hanya, hankalina duk yana can. Sai ga wata malamar makaranta, mutuniyar kudu, da goyo a bayanta.

"Yarinya, uwanka ya tafi ina? Ba ni kananzir kwalba ɗaya, zan dafa abinci."

Na sunkuya na ɗauko, na miƙa mata, na koma tsalle na.

Bayan la'asar wani mai babur ya tsaya shan mai. Da na duba, layin kananzir yana nan cif, na fetur ne ya yi giɓi. Nan na gane fetur na miƙa wa malamar. Na sha jin mahaifiyata tana cewa fetur a risho ba ya jiran salati. Goyon nan kawai nake gani a idona.

Na ja ƙofar shago na danna kwaɗo, na kwasa da gudu ba takalmi. Ban san gidanta ba, ban ma san sunanta ba. Na tambayi mai koko, na tambayi mai faci, kowa ya ce wace malamar? Duk hayaƙin da na hango a saman wani gida sai in ce shi ke nan, na kashe su. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ce ta nuna mini wani gidan haya a bayan famfo.

Na same ta tsugune a tsakar gida. Ta riga ta juye kwalbar a risho, ta ɗora tukunya, jaririn yana barci a bayanta.

"Madam, kar ki kunna! Fetur ne!"

Ta shinshina, ta ambaci sunan Yesu, ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe ashanarta ce ta ƙare. Ta aiki babban ɗanta shagonmu, ya tarar a kulle, ya tsaya jira na.

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma faɗa wa mahaifiyata ba. Da ta mare ni ma da na fi samun sauƙi.

Yau ina da shagona a Jisonayili, kuma maƙwabta suna yi mini tsiya wai ban iya kasuwa ba. Gaskiyarsu. Ban iya zaƙin baki ba, ban iya tura wa mutum kaya ba, don tsoron abin da na miƙa nake yi tun kafin ya bar hannuna. Ko man gyaɗa ne sai na buɗe na shinshina. Baƙon mai saye kuwa sai na tambaye shi a ina yake zaune, kusa da wane masallaci, ƙofa wace kala. Suna jin daɗi, suna cewa ina da son mutane. Ni kuwa hanya nake haddacewa, ko da gudu zai sake kama ni.